Awon Ƙugu a Bayan Takardar Kotu

Jama'ar wannan shafi, barkanmu da warhaka. Labarin yau na kotu ne, ni kuwa ko ta bakin ƙofar kotu na wuce sai gabana ya faɗi. In na sa wata kalma inda ba muhallinta ba, masu ilimi ku yi min afuwa, ku gyara a ƙasa.

Akwai wata mata da duk layinsu ke kira Inna Tela. Ta fi shekara ashirin a kan keken ɗinki ɗaya. Da mijinta ya rasu, keken nan ne ya riƙe gidan, har 'ya'yanta biyu suka girma suka kama gabansu.

Shagon nata ɗaki ne da aka yanka daga jikin gidan. Ƙofarsa tana kallon wani siririn lungu, lungun kuma shi ke fita bakin titi. In mutum biyu suka haɗu a ciki sai sun gogi kafaɗar juna. Ta nan masu kawo ɗinki ke shigowa. In ba ta nan ba, sai dai mutum ya zagaya ta bayan layi, ya tsallake kwata a kan katako, ya ratsa tsakar gidanta ta gaban banɗaki. Wa zai sha wannan wahala saboda riga?

Ɗaya gefen lungun gidan Mai Bulo ne. Buga bulo ce sana'arsa, Allah ya buɗa masa, ya sayi gidan bai fi shekara huɗu ba. Rana ɗaya ya tashi ya ce lungun cikin filinsa yake, zai toshe bakinsa ya mai da shi wurin ajiyar siminti.

Magana ta kai ƙaramar kotu. Shi ya je da lauya. Ita ta je da tsohuwar takardar filin mijinta a cikin leda, da kuma kalma ɗaya da take ta maimaitawa: "Ai kowa ya sani." Aka ba Mai Bulo gaskiya.

Tana fitowa tana share ido da gefen mayafi, sai yayanta ya tare ta. Tsohon direban babbar mota ne, ana ce masa Yaya Direba. Har yau Auta yake ce mata, duk da furfurar da ta fara leƙowa.

Ya ce, "Auta, ɗaukaka ƙara za ki yi."

Ta ce, "Yaya, wace ƙara kuma? Ai na ɗaga murya iya ƙarfina, alƙalin ne bai ji ba."

"Ba wannan ƙarar ba! Sama za ki kai maganar. Babbar kotu."

Ba ta da halin ɗaukar lauya. Sai aka nuna mata wani dattijo da ke zama a barandar da ke kallon ƙofar babbar kotu, Baba Mai Tafireta. A cikin kotun ya yi aiki har ya yi ritaya, yanzu yana buga wa mutane takardu. Ya karanta hukuncin sau biyu, ya ce, "'Yata, takardar filin nan da kika miƙa, ko ambatonta ba a yi ba. A nan za mu tsaya." Ya buga mata, ta shigar. Aka ce kowa ya dakata, za a aiko da ranar zama.

To, duk wannan rigimar ba ta hana matar Mai Bulo zuwa shagon ba. Maman 'Yan Biyu ake ce mata. In mijin ya fita aiki sai ta saɗaɗo da yadinta.

Ran uku ga wata ta shigo tana waige-waige. Ta ce, "Inna, wallahi kunyarki nake ji. Amma na kai wa wasu, sai su ɗinka min kamar buhu."

Inna Tela ta ce, "Da mijinki nake shari'a, ba da ƙugunki ba. Ɗaga hannu."

Ta zagaya mata tef kenan, sai ga masinjan kotu ya yi sallama. Ya miƙa mata takarda, ta sa hannu a littafinsa, ya tafi.

Yaren kotu ba ta gane shi, amma lamba kam ba a yi mata wayo, rayuwarta duk a kan tef take. Ta ga an rubuta 21 da biro, ɓaro-ɓaro. Ta ɗauki allin da take zana yadi, ta rubuta 21 a bango saman keke.

Awon kuwa yana nan a bakinta, tana ta nanatawa kada ya gudu: "Arba'in da shida, arba'in da shida." Ta laluba littafin awo, ta tarar ya cika har bango. Sai kawai ta juya takardar kotun, ta rubuta a bayanta kamar yadda ta saba: sunan mai kaya, ranar da aka kawo, ƙirji, ƙugu, tsawo, hannu. Ta maƙala ta da fil a jikin yadin, ta ninke, ta ɗora a kan kantar shagon.

Duk wadda ta taɓa rubuta lambar waya a bayan katin asibiti, kada ta yi mata dariya.

Bayan kwana biyu Maman 'Yan Biyu ta dawo idonta jajur. Mijin ya ji labari, ya ce ta je ta karɓo yadin yanzu-yanzu, ko an ɗinka ko ba a ɗinka ba.

Inna Tela ba ta ɓata rai ba. Ta sauko da yadin a ninke yadda yake, ta sa mata a leda. Ta ce, "Je ki, 'yar nan. Zaman lafiyarki ya fi riga. Ki gaida 'yan biyu."

Ba wadda ta tuna da abin da ke maƙale a ciki.

Ran sha biyu ga wata da safe Inna Tela ta hango Mai Bulo ya ci ado, ya shiga motar lauyansa. Ta ce a ranta, ko wani aka yi wa haihuwa. Ta ci gaba da taka kekenta.

Washegari sai ta ji ana sauke bulo a bakin lungu. Ta fito ta tarar magini ya ja igiya, yana kwaɓa siminti.

Ta ce, "Malam, ba an ce a dakata ba?"

Mai Bulo ya ce, "Wa ya ce?"

"Kotu mana. Ai sai ashirin da ɗaya za mu zauna."

Ya yi dariya har da riƙe ciki. "To Allah ya kai mu ashirin da ɗayan! Magini, layi ɗaya ya isa yau. Ba sauri nake ba. Duk mako a sa layi ɗaya, ta riƙa aunawa da tef ɗinta."

Ta ruga wurin Yaya Direba. Ya ce, "Ƙyale shi, laifi yake tara wa kansa. Ranar zama sai ki zayyane wa alƙali." Ta haƙura, ta jira.

Ranar ashirin da ɗaya, layi biyu ne a bakin lungun. Ta nemi takardar sama da ƙasa ba ta gani ba. Ta ce ai ranar tana bango, ba komai. Suka tafi ita da Yaya.

A ƙofar ɗakin shari'a akwai jerin shari'un ranar a liƙe. Yaya ya bi da yatsa daga sama har ƙasa, ya sake dawowa sama. Babu. Aka ce su je ofishin magatakarda.

Ofishin cike yake da fayil-fayil har kan taga, fanka na juyawa tana ɗaga takardu, an danne su da dutse. Magatakarda bai ɗago kai ba sai da ta faɗi lambar shari'ar sau biyu. Ya jawo fayil, ya buɗe.

Ya ce, "An kori ƙararki."

Ta ce, "An kore ni? Ai yanzu na shigo."

"Ba ke ba, ƙarar. Tun ran sha biyu. An kira, an kira, ba ki zo ba."

"Yo ai ashirin da ɗaya aka ce min."

Ya juyo da fayil ɗin ya sa mata a gaba. Ga irin takardar da aka kai mata sak, tambari ɗaya, rubutu ɗaya. A wurin kwanan wata an rubuta 12.

Ta kalli lambar. Ta murza ido ta sake kallo. Ɗaya a gaba, biyu a baya.

"Ina wadda aka ba ki?"

Ta ce, "Na neme ta ban gani ba."

Magatakarda ya ce, "Kin gani ko? Ke kika karanta a juye, Mama. Mai bi mata!"

A waje kowa ya zama lauya. Wata mata a kan benci ta ce ta tafi kotun da ke saman wannan. Wani mai hula ya ce a'a, komawa ƙasa za ta yi ta faro daga farko. Wani ya ce lokacin duka biyun ya wuce. Inna Tela tana juya kai daga wannan zuwa wancan, ta rasa sama ta rasa ƙasa.

Yaya Direba ya girgiza kai. "Auta, ki rungumi ƙaddara. Kotu kamar tirela ce a gangara, ba ta da ribas. In ta faɗi magana ta faɗa kenan."

Da ƙyar ta ja ƙafa zuwa barandar Baba Mai Tafireta. Ya saurare ta bai katse ta ba, sannan ya shiga ciki da kansa ya duba, ya dawo.

Ya ce, "Ba korar da kike tsoro ba ce. Akwai ƙarar da ake saurara har ƙarshe a ce ba ta da tushe, wannan ta mutu. Taki ba a ko buɗe ta ba. Cire ta aka yi daga layi don ba a ga mai ita ba."

"To an kore ta ko ba a kore ta ba?"

"An kore ta, amma ba a kore ta ba."

Ta dafe kai. "Baba, don girman Allah."

Ya yi murmushi. "Ji nan. In kuskuren daga kotu ya fito, kotu tana iya gyara abinta. Ba sai an tafi sama ba, ba sai an koma ƙasa ba. Alƙalin da ya cire ta, shi za mu roƙa ya maido ta. Iko ne da ba sai an rubuta mata a littafi ba, da shi aka haife ta."

"Kotu ma haihuwarta ake yi?"

Yaya Direba ya ce, "Ni shekara talatin ina tuƙi ban taɓa jin wannan ba."

Baba ya ce, "Shi ya sa ni ma ban taɓa ja maka mota ba, Direba." Sannan ya juyo gare ta, fuskarsa ta canza. "Amma fa sai da takardar nan. Fayil ya ce sha biyu, ke kin ce ashirin da ɗaya. In babu ita, bakinki ne da na fayil, shi kuwa fayil ba ya rawar murya."

Ya buga mata takardar roƙo, ta yi rantsuwa, ta shigar. Aka sa mako uku.

Mako ukun nan Inna Tela ba ta san inda kanta yake ba. Ta zazzage buhun ƙyalle har sau uku. Ta ciro aljihun keke ta kife shi. Ta ɗaga ledar ƙasa, ta duba cikin filo, har cikin tukunyar da ba ta girki da ita. Babu.

Bulo kuwa yana hawa. Da ya kai layi uku, tsofaffin da ke kawo mata ɗinki suka daina zuwa. Ta ajiye kujera 'yar tsugunne ta ciki da ta waje don a riƙa takawa. Wata mai ciki ta zo ta tsaya, ta kalli ginin, ta kalli cikinta, ta ce, "Inna, sai na sauka," ta juya.

Abin da ya fi cin ta ba ginin ba ne. Shakkar kanta ce. Sai ta zauna ta rubuta 12 da 21 da alli a kan teburin yanka, ta yi ta kallonsu. Ko dai idon ne ya fara tafiya? Ko tsufa ne? In lamba ta fara juye mata, da me za ta ci abinci? A makon ne ta yanka hannun riga ya gaza da inci biyu, abin da ba ta taɓa yi ba tunda take.

Saura kwana biyu a zauna, da hantsi, ta ji ana kira ƙasa-ƙasa daga bakin lungu. "Inna. Inna."

Maman 'Yan Biyu ce a tsaye ta bayan ginin, wanda yanzu ya kai layi biyar, kanta da kafaɗunta kawai ake gani. Ta miƙo wata takarda a ninke.

Ta ce, "Na kai yadin nan wurin wata tela. Tana warwarewa ta ce, ai ga awonki a maƙale. Da ta juya sai ta ce, wannan kuma ai takardar kotu ce."

Inna Tela ta buɗe. Biyu a gaba, ɗaya a baya. 21.

Ta zauna a kan 'yar kujerar. Abin da ta fara cewa shi ne, "Ashe idona lafiya lau."

Maman 'Yan Biyu ta ce, "Kwana uku tana ƙasan akwatina, Inna. Ina jin sa yana faɗa wa mutane ba ki da takarda, ƙarya kike. In na ba ki, na juya wa mijina baya. In na riƙe, ina zan kai alhakinki? Ranar da na zo karɓar yadin nan na ɗauka zagina za ki yi, sai kika ce in gaida yara. Abin nan ya hana ni sakat."

Inna Tela ta juya bayan takardar, ta ga rubutunta. Ta ce, "'Yar nan, sunanki na nan fa. Bari in goge, kada in jawo miki."

"Ki bar shi yadda yake. Ƙuguna ne, ba nasa ba."

Duk da haka hankalinta bai kwanta ba. Da ta kai wa Baba Mai Tafireta, ta ce ko dai a liƙe bayan da farar takarda. Tsohon ya zabura har tabaransa ya zamo. "Kada ki kuskura! Ko ɗigo kika taɓa, kin kashe ta da hannunki."

Ranar zama ɗakin ya cika. Alƙalin dattijo ne mai magana a hankali. Inna Tela ta tsaya, ta miƙa takardar.

Lauyan Mai Bulo ya miƙe ya gyara riga. Ya ce kotu ta riga ta yanke, alƙalami ya bushe, kotu ba ta lashe amanta. In matar nan ba ta gamsu ba, ta tafi sama. Sannan ya ce, "Kuma ya mai shari'a, takardar da ta ɓace sai yau ta bayyana? Wa ya san ko bayan an kori ƙarar ne aka zauna aka gyara lambar?"

Inna Tela ta ji kamar an watsa mata ruwan zafi. Ta ce, "Ni? Wallahi, ranka ya daɗe..." 

Alƙali ya ɗaga takardar saitin taga. Ya ce, "Waɗannan 'yan hujojin fa?"

"Fil ne, ranka ya daɗe."

Ya juya bayanta. Ya gyara tabarau, ya karanta a fili. "Ƙirji arba'in da biyu. Ƙugu arba'in da shida. Tsawo hamsin da huɗu." Ya ɗago. "Wannan kuma wane sashe ne na doka?"

Ɗakin ya fashe da dariya, har ɗan sandan da ke bakin ƙofa ya juya baya. Mai Bulo ya fi kowa ƙyaƙyatawa.

Ta ce, "Awo ne, ranka ya daɗe. Littafina ne ya cika. A yi min afuwa, ban san laifi ba ne."

"Ban ce laifi ba ne. An rubuta uku ga wata. An kuma rubuta Maman 'Yan Biyu. Wace ce?"

Dariyar Mai Bulo ta tsaya cak.

Inna Tela ta sunkuyar da kai. "Matar maƙwabcina ce. Ga shi nan zaune."

Ta ba da labarin yadda aka yi, tana yi tana haɗa gaba da baya, alƙali yana maido ta kan hanya. Da ta gama, ya juya ga Mai Bulo.

"Gaskiya ne kai ka sa iyalinka ta karɓo yadin?"

Ba damar musu, don shi da bakinsa ya cika layi da labarin. Ya ce, "Ni na sa ta."

"Yaushe?"

"Wajen... biyar ga wata."

"Yadin kuma ina ya zauna tun daga ranar?"

Ya ce, "A gidana."

Alƙali ya ce, "Kenan mako guda kafin ran sha biyu takardar nan tana ɗakinka. In an gyara lambar, a gidanka aka gyara. Haka kake so in rubuta?"

Lauya ya zauna a hankali, ya fara duba takardun gabansa kamar ya yar da wani abu a ciki.

Aka kira magatakarda. Ya riƙe takardun biyu, ɗaya a kowane hannu, ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Duka rubutuna ne, ya mai shari'a. Ranar na cike sun fi arba'in. Hannuna ne ya juya lambar." Ya waiwayo wurin Inna Tela. "Mama, ki yafe ni. Na ce ke kika karanta a juye."

Alƙali ya yi rubutu mai tsawo, ya karanta da yaren kotu. Inna Tela ba ta tsinci ko kalma ɗaya ba. Da ya gama sai ya ga tana tsaye tana raba ido.

Ya ce, "Baiwar Allah, kin gane?"

"Ranka ya daɗe, ko kaɗan."

"To. In kika ɗinka hannun riga a juye, me kike yi?"

"Sai in sa reza in farke, in mayar daidai."

"Kina cewa mai rigar ta tafi da ita haka, tunda an riga an ɗinka?"

"Subhanallahi! Ai ba laifinta ba ne."

"Sai kin nemi izinin wani telan kafin ki farke?"

"Keken nawa, kuskuren nawa, izinin wa zan nema?"

Ya ce, "To haka kotu take. Ɗinkin da muka yi ran sha biyu a juye yake, don ba a kira ki daidai ba, ba a kuma yanke wa mutum hukunci ba a ji bakinsa ba. Na farke shi. Ƙararki ta dawo layi. Ginin da aka ɗora a kan wancan kuskuren, a sauke shi, lungu ya koma yadda yake har a gama shari'a."

Ta ce, "Kenan na ci?"

"A'a."

"An cinye ni?"

"A'a. Yau farka kawai muka yi. Maganar lungun na wane ne, ranarta daban. Magatakarda zai ba ki ranar." Ya kalle shi ta saman tabarau. "Da lamba da kuma baƙaƙe."

Ta fito har yanzu kanta bai gama warwarewa ba. Yaya Direba yana biye da ita har suka kai barandar Baba. Can ya nisa ya ce, "Ashe dai kotu tana da ribas. Sai dai a hankali take yi."

Baba ya ce, "Kuma sai mai ita ya duba madubi."

Washegari da safe ƙarar guduma ce ta fito da ita. Magini yana fasa layi na biyar, Mai Bulo na tsaye ya juya wa shagon baya. Abin da ya gina a mako biyar, kafin azahar ya sauka.

Bayan wata huɗu aka saurari ƙarar gaba ɗayanta. Wannan karon aka buɗe tsohuwar takardar filin, aka ga lungun hanya ce ta gidajen biyu, ba mai ikon toshe ta.

Mai Bulo ya yi kwanaki ba ya cin abincin gidansa, ba ya amsa gaisuwar kowa. Amma gaskiya ba ta da maganin da ya wuce a haɗiye ta.

Ran nan sai ga Maman 'Yan Biyu ta shigo da rana tsaka, ba waige-waige, da yadin nan dai a hannunta. Inna Tela ta zagaya mata tef, ta duba, ta sake dubawa.

Ta ce, "Arba'in da huɗu. Shari'ar nan ta ci miki inci biyu."

Ta fara laluben abin rubutu, sai Maman 'Yan Biyu ta zaro sabon littafi mai kauri daga leda, ta ajiye a kan keke.

"Shi ya ce a kawo miki. Ya ce don Allah, don Annabi, kada awon iyalinsa ya sake zuwa gaban alƙali."

Darasi: Wanda ya isa ba ya jin kunyar farke ɗinkin da ya yi a juye. Kotu da girmanta ta ce "kuskurena ne" ta gyara, to ni da ke da kai, me muke taƙama da shi? Kada ka yi gini a kan tuntuɓen wani, don ranar da aka gyara kai za ka sauke da hannunka. Kalma mai daɗi da ka faɗa wa mutum ranar da kake da ikon zaginsa, ba ka san ranar da za ta dawo maka ba. Kuma 'yan uwana mata, don Allah, takardar hukuma a adana ta wuri ɗaya, in an ga abin da ba a gane ba a je a tambaya tun da wuri, kada a zauna jira. Ni kaina ina gama rubutun nan zan je in duba nawa. Ku tura wa wasu, wataƙila akwai wadda aka ce mata alƙalami ya bushe, alhali farka kawai ake buƙata.